A sha shayi, amma a san lokacinsa

Yara, babu garin da za ku shiga a ƙasarmu ba ku ga butar shayi bisa wuta ba. Ko Maraɗi ne, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, duk ɗaya ne. Mai gadi yana da butarsa. Tela yana da tasa. Samarin fada suna da tasu, direbobin tasha suna da tasu. Makiyayi ma, can cikin daji, ba ya rabuwa da ƴar butarsa da ɗan murhunsa na waya.

Mutane sun kasu biyu a kan wannan abin sha. Wasu sun ce magani ne: yana kore gajiya, yana narka maiƙo, yana buɗe ido. Wasu kuma, galibi iyayenmu mata, sun ce shayi shan jini yake yi, yana busar da mutum, yana cinye kuɗin cefane. Kowa da gaskiyarsa. A ganina ganyen shayi abu ne mai kyau, amma yadda muke dafa shi da lokacin da muke shansa su ke rage mana amfaninsa. Ku ake aika sayen ganye da sukari. Ku ake sa hura gawayi. Gobe kuma ku za ku riƙe butar. Saboda haka ya kamata ku san abin da ke cikinta.

Shayi ganyen wani ɗan itace ne wanda ba ya yi a ƙasarmu. Masana sun sa masa suna Camellia sinensis. Asalinsa kudu maso yammacin ƙasar Sin ne, wajen iyakarta da Bama da Indiya. Yana son tudu, yana son ruwan sama mai yawa, fiye da milimita 1200 a shekara. Maraɗi kuwa wajen milimita 500 take samu, shi ma cikin wata huɗu kaɗai. Gonakin shayi da suka fi kusa da mu suna tsaunin Mambila a Najeriya da tuddan yammacin Kamaru. Sin ce ta fi kowa noma shi, sai Indiya, sai Kenya. Ke nan duk ganyen da ke cikin butocinmu baƙo ne, kuɗi muka fitar waje muka sayo shi.

Sunansa ma baƙo ne, kuma ku da kuke karatu da harshe biyu za ku ji daɗin labarinsa. Yawancin mutanen Sin "ca" suke kiran ganyen. Amma a bakin teku, a lardin Fujiyan, "te" suke cewa. Suna na farko ya bi hanyar ƙasa tare da ayari, ya shiga bakin Farisawa da Larabawa ya zama "shai", mu kuma muka ce shayi. Na biyu ya bi hanyar ruwa, cikin jiragen mutanen Holan, waɗanda suka fara kai ganyen Turai wajen shekarar 1610. Shi ne "thé" ɗin da kuke rubutawa a darasin Faransanci. Uba ɗaya ne, hanya ce ta raba su.

Mu ta arewa ya zo mana. A Maroko, cikin ƙarni na 18, shayi abin fadar sarki ne da gidajen attajirai. Cikin ƙarni na 19 ya bazu cikin talakawa. Ayarin raƙuma suka riƙa ƙetaro hamada da shi, tare da manyan dunƙulen sukari masu tsini waɗanda ake fasawa da ƴar guduma. Wajen Larabawa da Abzinawa muka koyi dafa shi sau ukku. Ku riƙe wannan: tun ranar da shayi ya shigo ƙasarmu, tare da sukari ya shigo, bisa raƙumi ɗaya. Har yau ba mu raba su ba.

Koren shayi da jan shayi duk itace ɗaya ne. Aikin da ake yi wa ganyen ne ya bambanta su. Kun taɓa fasa farin goro kuka bar shi a iska? Jim kaɗan sai ya sake launi. Haka ganyen shayi yake. In aka tsinke shi, aka murza, aka bar shi ya sha iska, sai ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya sake. Wannan shi ne na cikin ƴan jakunkunan takarda da muke kira Lipton, ko da wani kamfani ne ya yi shi. Turawa suna ce masa baƙi saboda launin ganyen, mutanen Sin suna ce masa ja saboda launin ruwan. In kuwa aka yi maza aka gasa ganyen, ko aka turara shi da zarar an tsinke, ba ya sake launi. Wannan shi ne kore, wanda ke zuwa mana daga Sin muna dafawa a ƴar buta.

Kowace ƙasa da yadda take shan nata. A Sin da Japan ba a tafasa koren ganye bisa wuta. Ruwan zafi ake zuba masa, a ba shi ƴan mintoci, a sha, ba sukari. Mutanen Japan suna da wani ma da suke niƙawa luƙui kamar garin kuka, su kaɗa shi da ruwan zafi har ya yi kumfa. A Tibet, ƙasar tsauni da tsananin sanyi, man shanu da gishiri suke sa masa. A Indiya ana dafa jan shayi cikin madara da citta da kayan ƙamshi. Mutanen Maroko suna cika buta da na'ana'a. A Libiya har soyayyar gujiya ake zubawa cikin finjali na ƙarshe. A Sudan mata ne ke sayar da shi a gindin itatuwa, da kanumfari da kirfa.

Namu iri biyu ne. Akwai na mai tebur, na safe: babban kofi, jan shayi, madarar gwangwani, sukari da burodi. Akwai kuma na ƴar buta, wanda ba a yi masa gaggawa. A zuba ganye da ruwa, a ɗora bisa garwashi, ya tafasa, ya sake tafasa. A sa sukari. A ɗaga buta sama a tsiyayo cikin finjali, a mayar, a tsiyayo, har kumfa ta tashi. Na farko ɗaci gare shi, na manya ne. A ƙara ruwa da sukari bisa ganyen nan, a yi na biyu. Na ukku ƙarfinsa ya tafi, sai zaƙi, shi akan miƙa wa mata da yara. Kafin a gama ukkun, awa ɗaya ko biyu ta wuce. An yi hira, an sasanta rigima, an ƙulla ciniki. Ban raina wannan ba. Mutumin da ke da wurin zama da abokan hira ya fi kwanciyar hankali bisa wanda ke zaune shi kaɗai da damuwarsa. Ba a auna wannan a asibiti, amma amfani ne.

To, mene ne shayi ke yi wa jiki? Ku fara da ruwan. Ba a yin shayi sai an tafasa ruwa, tafasa kuwa tana kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo da amai da kwalara. Matafiyin da ya isa wani tabki ko wata rijiyar da bai yarda da ita ba, in ya dafa shayi ya fi masa shan ruwan haka nan. Amma ga abin dariya: mu tafasa ruwa sarai, sa'an nan mu ɗauraye finjali ɗaya cikin ɗan ruwan kwanon da ya yini a rana, mu zagaya da shi bakin mutum goma, har da mai tari. Wahalar gawayi ta tashi a banza ke nan.

Cikin ganyen kuma akwai wani sinadari da ake kira kafeyin. Shi ne ke cikin goro, shi ne ke cikin kafe. Shi ke kore barci, ya wartsake mutum, ya sa hankali ya tsaya wuri ɗaya. Babban kofi na jan shayi yana da wajen miligaram 40 zuwa 50, na kafe kuma ya kusa ninka haka. Namu na ƴar buta ganyensa da yawa, ruwansa kaɗan, saboda haka kada ƙanƙantar finjali ta ruɗe ku, balle na farko. A 2015 hukumar da ke lura da lafiyar abinci a Turai ta ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligaram 400 a yini, mai ciki kuma kada ta wuce 200. Kafeyin ba ya saurin barin jiki. Bayan awa biyar, wajen rabinsa yana nan. Ɗan lakkol ɗin da ya zauna fada ya sha finjali na farko da ƙarfe goma na dare, gobe a aji sai gyangyaɗi. Shayi ɓoye gajiya yake yi, ba ya fid da ita, bashin barci kuwa sai an biya.

Akwai kuma waɗansu sinadarai masu ɗaci da bauri, su ne ke kama harshe in shayi ya yi ƙarfi. Su likitoci suka fi bincike a kai, don ana ganin suna taimakon jijiyoyin jini. A arewacin Japan an bi mutum fiye da dubu 40 shekara da shekaru, aka buga sakamakon a 2006. Masu shan kofi biyar na koren shayi ko fiye a yini, mutuwa ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta yi ƙaranci cikinsu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, in aka gwada su da waɗanda ba su kai kofi ɗaya ba. A Birtaniya kuma, inda jan shayi ake sha, an bi kusan mutum dubu 500, aka buga a 2022. Masu shan kofi biyu ko fiye a yini, mutuwa ta ragu cikinsu da kashi 9 zuwa 13 cikin ɗari.

Labari ne mai daɗi, amma a yi hankali da shi. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu sun tafi tare, ba ya tabbatar da ɗaya ne ya jawo ɗaya. Mai yiwuwa masu shan shayin nan sun fi sauran cin ganye da kifi. Kuma shayi ba ya warkar da hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon daji. Wanda likita ya ba magani ya ci gaba da shan maganinsa. Sa'an nan ku tuna yadda mutanen Japan ke shan nasu. Ruwa ne da ganye, shi ke nan.

Mu kuwa fa? Ku dubi hannun mai dafa shayi sa'ad da yake zuba sukari. Ba da cokali yake awo ba, da finjali yake awo. Bari mu yi lissafi kamar a aji. Dunƙulen sukari ɗaya na cikin kwali wajen garam 5 ne. A ce kowane finjali yana ɗauke da dunƙule ɗaya, kun kuwa san sau da yawa ya fi haka. Mutum ya sha ukku da hantsi, ukku da rana, ukku da dare. Tara sau biyar, garam 45 ke nan a yini. A shekara ya haura kilo 16. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai ƙara cikin ci da sha duka kada ya wuce wajen garam 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ke nan shayi kaɗai ya kusa cinye rabon yini, ba a yi maganar koko da lemun kwalba da alewa ba.

Sukari mai yawa yana cin haƙori, yana kawo ƙiba, ƙiba kuma tana buɗe wa ciwon sukari da hawan jini hanya. Abin takaici, ganyen shayi yana da sinadarin fulor, irin wanda ake sawa cikin man goge baki don ƙarfafa haƙori. Mun ɗauki abin da ke gyara haƙori mun jiƙa shi cikin abin da ke ɓata shi. Kuma finjalin da ya fi zaƙi shi muke ba yara.

Wani zai ce ai koren shayi ba ya shawuwa ba sukari, ɗaci gare shi kamar maɗaci. Gaskiya ne, amma mu muka jawo ɗacin. Ganyen da aka bari yana ta tafasa tilas ya zubo da baurinsa duka. A rage tafasa, ɗaci ya ragu, sukari ya ragu. A sa na'ana'a ko citta. Harshe kuma yana sabo. In aka riƙa rage sukari kaɗan kaɗan, bayan ƴan makonni mutum da kansa zai ji na da ya yi masa zaƙi da yawa. Ban ce a ba baƙo shayi ba sukari ba, kada a ce mun yi rowa. Cewa na yi a raba awon biyu.

Yanzu sai maganar iyayenmu mata, cewa shayi yana shan jini. Ba a littafi suka karanta ta ba, amma ba su yi nisa da gaskiya ba. Jinin mutum yana bukatar ƙarfe. Ƙarfe ne dai irin na maƙera, amma ɗan mitsitsi wanda ido ba ya gani, yana cikin abinci. Da shi jiki ke yin jan jini, jan jini kuma shi ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya kai ta ko'ina a jiki. In ƙarfe ya yi kaɗan, jini ya yi kaɗan. Mutum ya riƙa jin kasala da jiri, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. Yaro ya kasa riƙe karatu. Mace mai ciki ta shiga haɗari ranar haihuwa.

Wannan ba ciwon wata ƙasa mai nisa ba ne. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin yara ƴan ƙasa da shekara biyar, 73 cikin ɗari suna da ƙarancin jini, mata kuma 46 cikin ɗari. Ba shayi ne ya jawo wannan duka ba. Zazzaɓin cizon sauro yana ciki, tsutsar ciki tana ciki, rashin abinci mai gina jiki da haihuwa kusa da kusa suna ciki. Amma mai kukan targaɗe bai kamata ya ƙara wa kansa karaya ba.

Ga yadda abin yake. Sinadaran nan masu bauri, waɗanda muka yaba ɗazu, in suka gamu da ƙarfen abinci a cikin ciki sai su kama shi su ɗaure. Hanji ya kasa tsotse shi, ya fita a banza. An gane haka tun 1975, a wani bincike da aka yi a Afirka ta Kudu, an kuma sake gwadawa wurare da dama. A 2021 an buga wani gwaji da aka yi da mata a Maroko, inda su ma koren shayi suke sha. Aka ga shan shayi tare da abinci ya rage ƙarfen da ke shiga jikinsu da fiye da kashi 85 cikin ɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne, ba kowane abinci shayi ke yi wa haka ba. Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi, shayi ba ya iya masa sosai. Wanda yake kamawa shi ne na hatsi da dawa da wake da ganye. Ke nan ranar babbar Salla, in an ci nama an bi da shayi, hasarar kaɗan ce. Amma gidan da ake cin tuwo da miyar kuka, ko shinkafa da wake, ko kwaɗon zogale, a kuma ɗora buta tun ba a wanke hannu ba, gidan nan ne ke hasara. Talaka ya yi noma, an yi daka, an yi girki, an ci, sa'an nan finjali ɗaya ya zo ya ƙwace mafi yawan ƙarfen da ke ciki.

Cikin gida ɗaya ma, ba kowa ke hasara daidai ba. Magidanci mai lafiya ɗan ƙarfen da ya samu yakan ishe shi. Mace kuwa tana rasa jini kowane wata, in tana da ciki tana raba nata da ɗan da ke cikinta. Yaro yana girma, jininsa yana ƙaruwa. Ƴan matan da suka fara al'ada, abin nasu biyu ne. Su ne ya kamata a tsare.

Maganin abin ba wuya, ba kuɗi. A ba abinci tazara. Wani gwaji da aka yi a Ingila, aka buga a 2017, ya nuna in aka jinkirta shayi awa ɗaya bayan cin abinci, ɓarnar tana raguwa da wajen rabi. Ba sai da agogo ba. In an ci abincin rana da azahar, a ɗora buta da la'asar. Matar da ungozoma ta ba ƙwayoyin ƙarin jini wajen awo, ta sha su da ruwa, kada ta kora su da shayi. Abin da ya dace da abinci shi ne lemu, da gwaba, da mangwaro, da ɗanyen tumatir, da ƴaƴan kuka. Bitamin C da ke cikinsu yana taimakon hanji ya karɓi ƙarfe.

Na san al'ada ce a kawo shayi da an janye kwano. Ana cewa yana narka abinci. Ruwan ɗumi dai yana sa mutum ya ji cikinsa ya saki, amma abinci ciki ke narka shi, ko da buta ko babu. Magidanta su sha nasu in sun so. Roƙona kada a miƙa wa mai ciki, da mai goyo, da ku.

Haka kuma shayi ba kalaci ba ne. Yaron da aka sallama lakkol da kofin shayi da sukari kaɗai, lallashin yunwa aka yi, kafin ƙarfe goma ta komo. Koko da ƙosai, ko fura da nono, ko ɗumamen tuwo, sun fi shayi nesa ba kusa ba, kuma daga gonarmu suka fito. In an haɗa da madara da burodi, madarar da burodin su ne abincin.

Sai zafi. Akwai masu alfahari da kurɓar shayi yana saukowa daga wuta. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawan shan abu mai zafin da ya wuce digiri 65 yana iya kawo ciwon daji a hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa ciki. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. A nan tsiyayowar da muke yi daga sama tana da rana, don tana huce shi. In finjali ya gagari yatsa riƙewa, ya gagari maƙogwaro.

Jariri ba ruwansa da shayi, ba ruwansa da wani jiƙon sauyoyi. Wata shidda na farko nonon uwa kaɗai. Yaro mai zawo ma ba a ba shi shayi mai sukari. Ruwan gishiri da sukari na ƴar leda da ake bayarwa a asibiti shi ne nasa, don an auna shi. Ƴan kwalayen da ake talla wai shayin rage ƙiba ne, da yawansu filasko ne a ciki. Zawo suke sawa, ruwan jiki ke fita, kitse yana nan. Ba da son raina nake kawo maganar waɗanda ke jefa ƙwayoyin maye irin su tramol cikin buta ba. Wannan ya tashi daga shayi. Butar da ba ku ga abin da aka sa a ciki ba, kada ku karɓi nata, ko wa ya miƙo.

To, ku me za ku sha in sanyi ya sauka, manya suna kewaye da buta? Dajinmu da kasuwarmu ba su rasa ba. Muna kiransu shayi, amma ba ganyen Sin ba ne, ba su da kafeyin. Ga geza, wadda ke fitowa a fako da tuddan marmara, ana sarar rassanta ana yin kwando da kujera. Ita ce mutanen Senegal da Mali ke kira kinkeliba. Da dafaffen ganyenta suke karya kumallo, da shi suke buɗa baki da azumi, mu kuwa muna wuce ta mu je kanti. Ga citta, wadda aka gwada aka ga tana kwantar da tashin zuciya. Ga na'ana'a, ga kanumfari, ga tsamiya. Ga kuma zoɓo, wanda ake yi da jajayen ƙwanson yakuwar da muke shukawa a gefen gona. A Sudan da Masar karkade suke ce masa, suna shansa da zafi, suna shansa da sanyi. A 2010 an buga wani gwaji da aka yi da shi a Amurka, da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi ukku a yini har mako shidda, awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Saukar kaɗan ce, mutanen ma kaɗan ne, amma abin lura ne, tun da ga shi a bayan ɗakinmu. Su ma waɗannan a ba su tazara da abinci, don wasunsu suna da bauri. Kuma kada a cika su da sukari kamar zoɓon leda na ƙofar lakkol.

Ga aikin da nake so ku yi a wannan mako. Kowa ya lura da butar gidansu, ko ta ƙofar gidansu, har kwana ukku. Sau nawa ake ɗora ta a yini? Finjali nawa na sukari ake zubawa? Mutum nawa ke sha? Minti nawa ne tsakanin wanke hannu da finjali na farko? Wa ake ba na ukku? Ku cika finjali ɗaya da sukari, ku roƙi mai kanti ya ɗora muku bisa sikeli. Ku rubuta komi, ku kawo aji, malam ya taimake ku ku raba, ku ga rabon kowane mutum a yini. Sa'an nan ku kai wa mai butar lissafinsa cikin ladabi, amma ku bari sai ya sha na farko tukuna.